Ba Za Ki Tafi Zariya Ke Kaɗai Ba

Ƙarfi, ranar Asabar, lokacin cirar auduga.

Zuwa ga Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Allah ya sa takardar nan ta same ki da sauƙi a jiki da sanyi a zuciya. Ya tsare ki a gida, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a inda za ki, amin.

Kin ga na rubuta sunanki. Tun ranar da na haife ki bakina bai taɓa kama shi ba, sai "'yar nan", sai "'yar Tabita", kwanan nan kuma "uwar Bulus". Ke ce 'yar fari, haka muka tarar ana yi, shi ya sa ma aka miƙa wa gwaggonki Tabita ke tun daga yaye. To yau na rubuta shi, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo mini a ka ba. Na san abin dariya ne mutum ya rubuta wa wanda yake jin tarinsa daga ɗakin da ke kallon nasa wasiƙa. Amma ya zan yi? In na shigo wurinki za ki sunkuyar da kai, ni ma in kama kallon bango, mu yi ta "sannu" da "yauwa" har rana ta faɗi. Kowa ya tafi gona, na ce musu ƙafata ke ciwo. Lafiyarta lau, wurin zama nake nema in yi rubutu.

Tabita ta faɗa mini komai, kuma kada ki kuskura ki yi mata fushi, ni na tsare ta a madafa har ta yi magana. Ta ce likita a Zariya ya duba ki, ya ce daji ne a nonon hagu, kuma jibi Litinin ake son ki koma a kwantar da ke a yi aiki. Ta ce mijinki kin gaya masa kwas ɗin malaman makaranta za ki, shi ya sa kika kawo mana Bulus mu riƙe. Ta ce wani sa'in ki ce za ki, wani sa'in ki ce ba inda za ki. Ko ba ta faɗa ba, ai na riga na sha jinin jikina. Yaron da kika yaye farat ɗaya, zannuwan da kika kwashe kika ba ƙannenki kika ce wai sun ishe ki, tuwon da kike jujjuyawa a kwano ki tashi, da wannan dariyar da ta yi yawa. Ke, wa za ki yi wa wannan? Ni na riga ki yin kowanne daga ciki.

Abu ɗaya nake so, shi ne ki je a yi miki aikin nan, kuma kada ki je ke kaɗai da kayan nan a ranki. Ciwon jiki likita ya san inda zai kama shi. Wanda ke cikin kai shi ne ya kusa kashe ni, kuma shi nake gani yana cinki. Bari in ba ki labarin yadda na yi wauta, ki ɗauki abin ɗauka.

A shekarar da aka buɗe makarantun firamare a kowane ƙauye, ke kina kwalejin horon malamai, na ji wani ɗan ƙululu a nonona na dama ina wanka. Bai fi ƙwayar gurjiya ba, kuma ba ya ciwo. Na ce zai baje. Aka yi noman fari, aka yi maimai, bai baje ba, sai ma ƙara girma. Sai da kaka ta yi na je ɗakin shan magani a Malumfashi ni kaɗai, suka tura ni Zariya, na ce wa babanki gaisuwar mutuwa za ni. Likitan ya yi bayani mai tsawo da Turanci, wata nas tana juya mini da Hausa. Allah ya sani, daga inda ta ce "daji" kunnena ya toshe. Ina ganin bakinta na motsi, ba na jin komai. Ashe cewa take ana yin aikin, kuma mata da yawa suna tashi su koma harkarsu. Ban ji wannan ba. Na fito da kalma ɗaya tak a kaina, na hau mota ina jujjuya ta har Funtuwa.

Don haka ranar Litinin ki shiga wurin likita da wani a gefenki, wanda kunnensa bai toshe ba. Ki yi tambaya. Me za a cire, me za a bari, yaya zan ji bayan na farka, yaushe zan ɗaga hannu, yaushe zan koma aji? Ke da kike da Turanci a baki ma, me zai hana ki? Abin da ban sani ba shi ya fi ba ni tsoro, domin duk gurbin da na bari ban tambaya ba, zuciyata ta cike shi da kabari.

Da na dawo gida babanki ya tare ni a ƙofa, ya ce, "Yaya masu zaman makoki?" Na ce, "Suna haƙuri." Daga nan na kulle bakina. Ina dafa abinci, ina sussuka, ina zuwa majami'a, amma kamar ba ni a gidan. In ya yi magana in ba shi amsa guntuwa. In ya matso in matsa. Ƙannenki kuwa sun sha faɗan da ba su san dalilinsa ba, kaza ma in ta gifta sai na jefe ta. A ganina jarumtaka nake yi, ina raba su da baƙin ciki.

Kin san abin da bawan Allahn nan ya zata? Ya zaci yaji nake shiri. Ya yi ta binciken kansa bai ga laifin da ya yi ba, sai ya kwashi jiki ya kai ƙara wurin dattawan majami'a, wai su zo su yi mana sulhu. Wata Lahadi bayan sujada sai ga su sun shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar ƙofar gida, aka kira ni. Babba a cikinsu ya gyara murya, ya ce, "Saratu, me Ishaya ya yi miki? Ki faɗa, a gabanmu yake." Na ce, "Bai yi mini komai ba." Ya ce, "To ko abinci ya gaza?" Na ce a'a. Babanki ya ce, "In maganar saniyar nan ce da na sayar ban shawarce ki ba, na tuba." Kai! Ina jin haka sai abin ya ɓalle. Na ɗora hannu a ka, na ce, "Wace saniya? Mutuwa zan yi, Malam! Daji ne a nonona, likita ya ce sai an yanke."

Babanki ya dube ni, ya ce, "Haba Saratu. Wata da watanni kina ɗauke da wannan, ni ina nan ina zargin saniya?" Hawaye na zubo masa a gaban manya bai ko share ba. A ranar na ci tuwo na ƙoshi, abin da na manta rabona da shi. Ciwon yana nan inda yake, bai ragu ko kaɗan ba, amma ƙirjina ya yi sakayau.

Kin ga ke nan shirun da na yi bai raba kowa da baƙin ciki ba, wani na daban ya ba su. Mijinki ba yaro ba ne. Yana ganin kin canza, kuma yana can yana ƙirƙiro nasa dalilin, wanda watakila ya fi gaskiyar muni. Gobe zai zo a babur ɗinsa ya ga Bulus. Ki gaya masa. In bakinki ya kasa, ki ɗaga mini gira kawai, zan ajiye kunyar surukuta a gefe in gaya masa da kaina.

Sai dai ki sani, faɗa wa naka daban, buɗe wa duniya ƙofa daban. Nan ma na yi kuskure. Labari ya bazu, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, ni kuma kowa ya zo in shimfiɗa masa tabarma in buɗe kunne. Mutanenmu suna da kirki, ba wanda ya zo hannu sake, amma bakinsu, wayyo! Wannan ta ce, "Ai irinsa ne ya ɗauke matar wane a Tsiga." Waccan ta ce, "Kada ki yarda a sa miki wuƙa, daji ba ya son ƙarfe. Ko allura ta taɓa shi, ya fusata ke nan, sai ya watsu." Wannan magana ta daji da ƙarfe ita ta zauna mini daram a zuciya, domin tun ina yarinya nake jinta. Na san ke ma ita ce ke sa ki cewa ba za ki ba, duk da karatunki. Karatu ba ya goge abin da mutum ya ji a bakin kakarsa, sai ya tashi ya goge da kansa.

Ana cikin haka sai ga Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, wanda bai bi mu cikin addini ba har ya mutu. Ya zauna, ya kurɓi ruwa, ya ce, "'Yar nan, ba na son in faɗa, amma kun bar kan gida, iskokin kakanninmu. Rabon da a zuba musu giya ko a yanka musu kaza tun kafin aurenki. Kin zaci za su yi shiru?" Bai daɗe da fita ba wata daga cikin matan majami'a ta shigo, ta riƙe hannuna, ta ce a hankali, "Saratu, ki bincika zuciyarki, ko akwai zunubin da ba ki furta ba." To ga ni a tsakiya. Ta nan an ce don na bar na da, ta can an ce don ban riƙe na yanzu da kyau ba. Na wuni ina tonon rayuwata. Ko don na taɓa zagin uwar mijina a zuci? Ko don na yaye wane da wuri? Ko wata ce ta yi mini sammu a kan iyakar gona? Har na daina gaisa da maƙwabciyata da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wannan tambaya ta "me na yi" ta fi ƙululun cin naman jikina, har zanena ya daina zama a ƙuguna.

Ranar da aka ba ni in koma ta zo ta wuce, na ƙi zuwa. Babanki ya yi lallashi, ya yi faɗa, na ce a bar ni in mutu da jikina cikakke. Na fara rabon kaya. Tukunyar ƙarfena na ba wance, akuyata na ba wance. Da bazara ta yi, mata suka fita sharar gayaunarsu, na ce ni ba zan taɓa tawa ba, wa zai ci? Ina zaune da raina, ina tafiya da ƙafata, amma na riga na binne kaina na baje ƙasa.

Tabita ce ta ƙwace ni. Kin san halin uwar riƙonki. Ta shigo wata safiya ba ko sallama, ta kwashi zannuwana biyu ta ƙulle a ɗankwali, ta ce, "Tashi." Na ce, "Daji ba ya son ƙarfe." Ta ce, "Duk matan da aka lissafa miki sun mutu, wacce a cikinsu ta je asibiti tun tana tafiya da ƙafarta? Sai ya fashe yana wari a ɗauke su a amalanke, in sun mutu a ce ƙarfe ne. Tashi, ko in kira samari su ɗauke ki kamar buhun masara." Na tashi ina zaginta, tana ramawa, har bakin titi.

Jinkirin nan ya ja mini. Sai da aka cire nonon duka, aka shiga har hammata, shi ya sa kike ganin hannuna na dama yana kumbura in na yi daka da yawa. Ƙarfe kuwa ya taɓa shi, ya taɓa shi da kyau, ga ni ina rubuta miki wasiƙa bayan shekara goma da ɗoriya. Don haka ki zaɓi masu shigowa wurinki. Mu zaunar da Tabita a bakin ƙofa. Duk wadda ta zo da labarin wata da ta mutu, ta ajiye ƙwaryar furarta, mun gode, ta gaida gida.

A ɗakin da aka kwantar da mu na haɗu da Dije, wata Bafulatana daga rugar da ke bayan Dayi. Gadonta na kusa da nawa, an riga an yi mata nata aikin. Da na ba ta labarin Kawu Nomau da matar majami'a, ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata zafi. Ta ce, "To ni wane kan gida na bari? Ban taɓa fashin salla ba tun ina budurwa. Ga waccan Hajiya ce, ta je Makka. Ga waccan matar fasto ce. Ke dai ciwo ne, Saratu, ya zo ya same mu kamar yadda yake samun saniya mai kyau a garke." Na duba ɗakin, na ga gaskiyarta. Daga ranar na daina tonon laifina. Ke ma ki daina. Ba abin da kika yi, ba abin da kika bari, ba kuma wanda ya yi miki. In zuciyarki ta ce daga wurina kika gada, to sai me? Hancin nan naki ma daga wurina kika gada, ban ga kin kai ni ƙara ba.

Wani abu kuma da na koya a wurin Dije shi ne kuka. Kowace safiya sai ta juya ta fuskanci bango ta yi kukanta da sauti, tana kiran sunayen 'ya'yanta da na shanunta. In ta gama ta fyace hanci, ta ce, "To, na sallami na yau. Wa ke da goro?" Ni kuwa ina ta haɗiyewa, wai kada a ce ba ni da bangaskiya. Duk wanda ya ce "yaya jiki" in ce "da godiya", alhali cikina kamar an cusa garwashi. Ita ta warware ta riga ni, ni ina kwance ina fama da ciwon kai da rashin barci. Ran da na saki nawa kukan, nas ta zo a guje ta zaci wani abu ne ya ɓaci. Dije ta ce, "Ƙyale ta, bashin wata shida take biya." Haƙuri abu ne mai kyau, 'yata, amma ba shi ne mutum ya yi ta yaƙe haƙora yana ƙonewa ba. Allahn da ya yi idon shi ya sa ruwa a ciki. Ki yi kukanki, ki yi addu'arki, ba sa faɗa da juna.

Ba zan yi miki ƙarya in ce kowa na tashi ba. Dije ta yi 'yan shekaru, ciwon ya dawo mata, ta rasu. Amma kafin nan ta aurar da 'yarta, na je bikin, na ga tana rawa da ƙwarya a ka. Ni kuma ga ni. Ba wanda ya san rabonsa, likita ma iyakar ƙoƙarinsa zai yi. Abin da na sani shi ne kwanakin da na zauna ina makokin kaina tun ban mutu ba, asararsu na yi, ba wanda zai maido mini da su.

Da aka sallamo ni damina ta yi nisa. Na zaci an gama, ashe saura. Na dubi ƙirjina na ga gefe ɗaya a shafe, na ce shi ke nan, na tashi daga mace. Na shige ɗaki na ƙi fita. Ko rijiya ba na zuwa. In babanki ya shigo in ja mayafi har wuya in juya masa baya. A raina na gama yanke masa hukunci, na ce ƙyamata yake ji, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. Ban tambaye shi ba, ni na yi tambayar, ni na ba da amsar, na kuma yi fushi da shi a kan amsar da bai bayar ba.

Wata rana da hantsi ya tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Saratu, gayaunarki ta yi ciyawa." Na ce, "Wace gayauna? Ban shuka komai ba." Ya ce, "Ni na shuka miki auduga kina asibiti. Na yi mata noman fari, amma sauran naki ne, ni ba baranki ba ne." Na ce, "Malam, dube ni fa. Me za ka yi da rabin mace?" Ya ajiye fartanyar, ya ce, "Da na je neman aurenki, ubanki bai ce ga nono biyu na ba ka ba. Saratu ya ce. Ita nake nema tun bara ban gan ta ba. In kin gan ta ki ce mata gonarta ta yi ciyawa." Ya juya ya tafi abinsa. Na ji haushi, na ji dariya, na rasa wanda zan fara. Washegari na fita da hannu ɗaya ina tsugunne ina cirar ciyawa. Ban yi wani aikin kirki ba, amma na dawo da yunwa, na kuma yi barci.

Saboda haka kada ki yanke wa mijinki hukunci tun bai buɗe baki ba. Ki bar shi ya faɗi nasa. Kuma ki bar wa kanki abin da zai jira ki. Zannuwan nan da kika rabar, na bi na karɓo su, suna cikin akwatina, ƙannenki suna ta zumɓura baki, su suka sani. 'Yan ajinki kuma ki aika a gaya musu malamarsu tana dawowa, kada su sake da karatu.

Audugar nan da na cira da kaka, ita na ɗiba na gurje, na ɗinka 'yar jaka na cusa, na riƙa sawa a cikin riga, a gurbin nonon. Ba wanda ya sani sai Tabita. Sai aka tashi bikin wata 'yar maƙwabta, mata muka taru dakan gero. Na karɓi taɓarya, waƙa ta yi daɗi, na manta kaina. Ina ɗagawa ina saukewa, ashe abin nan yana ta hawa. Sai ji na yi wata ta ce, "Laa, Saratu, nononki ya koma kafaɗa!" Kafin in kai hannu ya zame ta hannun riga ya faɗa cikin turmi. Kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai Tabita ta sa hannu ta ɗauko shi, ta kaɗe garin, ta ɗaga sama, ta ce, "Wannan lamba ɗaya ce, ko a fulotin awon auduga na Funtuwa ba za a kushe ta ba." Na fashe da dariya, mata suka fashe, har da masu faɗuwa ƙasa. Na karɓa na mayar a gabansu, muka ci gaba da daka. Tun daga ranar na huta da ɓoyo. Bayan bikin mata biyu suka biyo ni gida a asirce, kowacce da abin da take ji a ƙirjinta, na raka su asibiti.

Saura ke. Kowa a garin nan ya ji daga bakina, ban da ke. Kin zo hutu ina kwance, kika durƙusa a bakin ƙofa kika ce, "Sannu Inna." Na ce, "Yauwa," na juya kai. A bakin rijiya kika ji abin da ya same ni, a wurin yara. Kika dawo idonki jawur, kika wanke mini kaya, kika share ɗaki, ba ki tambaya ba, ban faɗa ba. Ina ganin kunya nake yi irin ta iyaye, ashe darasi nake ba ki, cewa wannan ciwo abin ɓoyewa ne, kuma uwa ba wurin kai kuka ba ce. Kin kuwa haddace shi tsaf, don dama ke mai ƙoƙari ce a makaranta. To na soke wannan darasi. Kunyar 'yar fari tana da wurinta, a biki, a gaban baƙi, zan ci gaba da yi miki ita har in mutu. Amma ba a bakin ɗakin tiyata ba. Ina sonki, Rahila. Tun kina 'yar ƙarama a bayan Tabita nake satar kallonki ta katanga. Tsoro nake ji a kanki, ba zan ɓoye ba, amma tsoron bai kai ƙarfin zuciyar da nake da shi ba.

Ga yadda za a yi. Jibi da sassafe za mu tsaya a bakin titi, ni da ke da mijinki, mu hau motar Funtuwa, daga can mu kama ta Zariya. Bulus yana wurin Tabita, ita da ta raine ki ba za ta kasa da shi ba. Na daka garin kunu, na ƙulle tabarmata. A ƙarƙashin gadonki zan kwana har ranar da za a sallame ki. Ba shawara nake nema ba, sanarwa ce.

Gobe kuma, in an taso daga sujada, kafin mijinki ya iso, ki shigo ɗakina ki turo ƙofa. Na san abin da ya fi tsorata ki shi ne yadda wurin zai koma, domin ni ma shi ne na yi ta zanawa a kaina, kuma ba wadda ta nuna mini. Zan kwance zanena ki gani da idonki. Ki sa hannunki a kai ki shafa. Tabo ne kawai, ya warke, ya yi laushi, kuma a ƙarƙashinsa za ki ji zuciyata tana bugawa.

Allah ya ba likitocin sa'a, ya daidaita hannunsu. Ya kwantar da ke lafiya, ya tashe ki lafiya. Ya kai mu Zariya, ya maido mu Ƙarfi mu uku, Bulus ya taho da gudu ya tare ki a bakin hanya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu.